Lambar da Na Kira Gaiwa

Sallama gare ku, masu karatu. Ku gyara zama, amma kada kowa ya tausaya mini. Abin da zan ba ku yau ni na dafa shi da hannuna, ni na ci, ni kuma ya ɓata wa ciki.

Sunana Yasira, 'yar Malam Sallau tela a Yelwa. Shekarata ashirin da takwas, lissafin da Inna ke faɗa da irin muryar da ake faɗin hawan jini. Na yi digiri a nazarin zamantakewa a Sakkwato, na yi bautar ƙasa, na dawo da takarda mai tambari. Aka sa ta a leda aka tura ƙarƙashin katifa, har yau can take hutawa. Muƙamin da na samu bayan wannan wahala shi ne admin.

Akwai wata marubuciya a Birnin Kebbi, muna ce mata Anti Tamada. Duk Juma'a take sakin shafi ɗaya na labarinta a zauren masoyanta na WhatsApp, ni ce mai riƙe da ƙofar zauren. Mutum ɗari biyu da hamsin da shida kawai yake ɗauka, masu jiran a ba su wuri kuwa sun fi haka. Dokar Anti ɗaya ce: ba sharhi, ba ci gaba. Ni kuma na ƙara tawa. Ina buɗe zaure ranar Juma'a don a yi sharhi, in rufe shi Litinin da safe, kada masu tallan atamfa da masu turo gargaɗin kada a sha lemo da kifi su cika mana wuri. Daga Litinin zuwa Alhamis ba mai iya rubutu sai ni da Anti.

Da yake ilimi ba ya son zaman banza, sai na kasa matan zauren gida huɗu, na ba su sunayen kifin ruwanmu. Akwai giwan ruwa, manyan masu sharhi, waɗanda za su rubuta abin da ya fi shafin tsawo, har su gaya wa Anti abin da take nufi. Akwai minjirya, kifin nan da ke jan mutum kamar lantarki, su ne masu faɗa. A ce jaruma ta yi kuskure su ce ba ta yi ba, a ce ba ta yi ba su ce ta yi. Akwai warangi, ƙananan nan masu tafiya tuli guda, ba su da abin faɗa sai "mun gode Anti, Allah ya ƙara basira". Sai na ƙarshe, gaiwa, wadda ke shigewa laka ta yi shiru har rani ya wuce. Su ne 'yan laɓe. Su karanta, su lashe baki, su koma rami.

Na rubuta wannan rabon da kyau, da kan magana da komai, na saka a zaure. Aka yi ta yabo. Wata ma ta ce in kai shi jami'a. Na ji daɗi ƙwarai, don tun da na gama karatu ba wanda ya ƙara ce mini in kai wani abu ko'ina, in ban da niƙa.

Duk wata ina shara. In bi lambobi ɗaya bayan ɗaya, in fitar da gaiwa, in shigo da masu jira.

To ku ajiye wannan, in gaya muku wane ne Yusha'u.

Makanikin injin jirgin ruwa ne a Warra. Baƙi, dogo, farcensa bai taɓa rabuwa da baƙin mai ba ko ranar idi. Mun haɗu ne da ya kawo wa Baba ɗinki, ya dawo karɓa sau huɗu, alhali tun zuwan farko an gama. In na tura masa saƙo mai layi goma, amsarsa "To madalla". In ya yi zafi sosai ya ce "Allah shi kai mu". Amma shi ne mutumin da ya ji na yi tari a waya, washegari sai ga shi a kan babur daga Warra da zuma a gora, ya miƙa, ya juya. Ina son shi. Na rubuta wannan a fili don ku san abin da na ɗora a kan faifai.

Mahaifiyarsa, Inna Asama'u, tana Tungan Ɗangana, wani ƙauyen masunta a tsallaken ruwa. Ban taɓa ganinta ba. Na dai san ta daɗe tana cewa 'yar boko ba za ta iya da su ba, sai kwatsam bana ta sauko, har ta sa rana: Asabar ta ƙarshen wata matan gidansu za su kawo kayan neman aure. Ban tambayi abin da ya sauko da ita ba. Na ɗauka kyawun hotona ne.

Innata kuwa sai ta koma kamar an ba ta kujerar Makka. Ta sa aka shafe zauren gidanmu da farar ƙasa, ta fito da kwanonin tangaran da ba a taɓa ci a ciki ba, ta sa Baba ya ajiye ɗinkin mutane ya yi mata leshi ruwan goro. Kullum da safe sai ta leƙo ɗakina.

"Yasira, ki ajiye wayag ga ki sha rana kaɗan. Mutane za su zo su ga ɗiya, ba fitila ba."

Ana cikin haka sharar wata ta zo.

Akwai wata lamba da ta daɗe tana ci mini rai. Ba hoto, ba suna, sai "Allah na nan". Wata takwas tana cikin zaure, ko "amin" ba ta taɓa cewa ba. Kowane wata tana tsallake shara saboda tana can ƙasan jeri, ina gajiya kafin in kai gare ta. Abin da ya fi ba ni haushi, duk shafin da aka saka sai na ga ya isa gare ta, amma sai ranar Laraba. Na ce wannan ba gaiwa ba ce kawai, sarauniyarsu ce. Na ce ba zan fitar da ita a ɓoye ba, sai na yi wa'azi da ita.

Ranar Litinin na rufe zaure, na kishingiɗa a kan gado da lalle a ƙafa, na danna wurin ɗaukar murya. Zan rubuta muku abin da na faɗa ba ragi, don wannan ma yana cikin hukuncina.

"Mai lamba da ta ƙare da sittin da uku, da ke nake. Wata takwas kina cin tuwon biki kina sulalewa. In mutuwa kika yi a faɗa mana mu yi miki salla. In kuma jahilci ne, ba ki iya haɗa baƙi ba, to nan ba makarantar yaƙi da jahilci ba ce. Ko a gidanku ba a koya miki in an ba ki abu ki ce an gode ba? Ki tattara ki koma laka, gaiwa."

Minti ɗaya da daƙiƙa tara. Har na saurara sau biyu don jin daɗin muryata. Ban fitar da ita nan take ba, na jira sai ta ji. Ranar Laraba da hantsi na ga saƙon ya isa, da la'asar na share ta. Na ci abinci da kyau ranar.

Alhamis Yusha'u ya ce "To madalla" kamar kullum. Juma'a shiru. Asabar da azahar, saura mako ɗaya cif a kawo kaya, ƙanwata ta ce ana sallama da ni a zauren gida.

Na saka doguwar riga shuɗiya, na yafa farin mayafi, na fesa turare har sau uku. Na same shi zaune a bakin tabarma, bai cire hularsa ya ɗora a gwiwa yadda ya saba ba. Muka gaisa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar waya baƙa, an ɗaure bayanta da roba, ya ajiye tsakaninmu.

"Kin san wagga?"

"Waya ce."

"Ta Inna ta. Lambarta ta ƙare da sittin da ukku."

Kun san yadda mutum ke taka matakala a zaton akwai saura, ƙafa ta faɗa wofi? Haka ta kasance da ni.

Ya yi mini bayani a hankali, kamar yana gaya wa mai jirgi abin da ya lalace a injinsa. Bara, da mahaifiyarsa ta ce ba ta san ni ba, ba za ta karɓi abin da ba ta sani ba, sai ya sayi wayar nan, ya shiga zaurenmu ta hanyar da na saka a Facebook. Ya ce mata, ga inda yarinyar take wuni, ki saurare ta da kanki. A tungarsu babu sabis ko ɗigo. Duk Laraba jirgin da ke kawo kifi Warra yake zuwa da wayar, ya yi mata caji, ta kwashi saƙonnin mako, jirgi ya koma da ita. Inna Asama'u ba ta karatu. Maƙwabciyarta Deborah, wadda ta yi sakandare a Shanga, ita ke karanta musu a wurin bandar kifi. Da farko su biyu ne. Yanzu mata sun kai ashirin.

"Ashirin," na ce.

"Da ɗaya, in an sa kakata. Ita ba ta ji sosai, sai an maimaita mata."

"An... an maimaita mata?"

"Sau biyu."

Na dubi tabarma. Na ga ashe saƙarta ja da kore ce, shekara goma ina zama a kanta ban lura ba.

"Don me ba ka gaya mini ba, Yusha'u?"

"Da na gaya miki, da wa za ta ji? Ke ko wadda kika shirya mata?"

Na sake komawa kallon tabarma. Ni da nake da amsar mutum ɗari biyu da hamsin da biyar.

"Ta ce a fasa?"

"Ba ta ce ba. Ta dai sa an mayar da akwatunan ɗaki, an rufe da zane. Ta ce tana son ganin mai muryar. Gobe."

Innata tana bayan ƙofa, inda ta saba tsayawa don kare mutuncina. Ko fita bai gama yi ba ta shigo.

"Mi kinka yi?"

Na faɗa mata. Ta zauna a kan turmi, ta riƙe haɓa.

"Shekara huɗu kina Sakkwato. Muna ta aika gari da mai. Ashe zagin surukai anka koya miki, har da takarda."

"Inna, ban san ita ce ba."

"Da ba ita ba ce, ɗiyar wani ba ce? Ita waccan daga icce ta faɗo?"

Sai ta shiga lissafin abin kunya na biyu, wai budurwa ta taka gidan surukai kafin a kai ta. Ba a yi a danginmu ba. Baba, wanda bai ɗaga kai daga keke ba, ya ce a danginmu ba a taɓa zagin suruka ta waya ba ma, tunda an fara sabon abu sai a ƙarasa. Aka yanke Gwaggo Ladi, ƙanwarsa, ta raka ni. Gwaggo Ladi tana cikin zaurenmu. Minjirya ce ta gaban goshi, ni da kaina na rubuta sunanta a saman jerin.

Lahadi da sassafe muka hau mota zuwa Warra. Na saka atamfa mafi duhu da nake da ita, da hijabi har ƙasa, ba hoda ba jan baki, irin shigar da ake zuwa gaisuwar rasuwa. Lallen nan dai ya kama ja wur, yana leƙowa ta takalmi kamar yana dariya. Gwaggo ta yi ta ba ni baki har muka isa.

"Ni fa tun ran nan na ce zagin ya yi yawa."

"Gwaggo, ke kika turo mini hoton wuta guda biyar, kika ce in ƙara mata."

"Wannan a waya ne. A zuciyata na ce ya yi yawa."

Yusha'u na jiranmu a bakin ruwa da jirgin wani abokinsa. Ya miƙa mana rigar ruwa, ya ja igiyar inji. Ina kallon sandunan sabis a wayata suna raguwa, huɗu, biyu, ɗaya, har suka ɗauke. Ban taɓa sanin akwai wurin da ke ƙasa da awa ɗaya daga Warra da mutum zai zama ba admin ba.

Hayaƙi muka fara gani kafin gidaje. Wurin bandar yana ƙarƙashin wata tsamiya: tanderun laka a jere, ragar ƙarfe a shimfiɗe a kansu, kifi a lanƙwashe yana zubar da mai. Mata suna zaune a kan kututture da buhuna, wasu da hijabi, wasu da ɗan kwali sun dawo daga coci ko canza kaya ba su yi ba. Ba wadda ta daina aiki. Ba kuma wadda ba ta kalle ni ba. Yusha'u ya tsaya can bakin jirgi, ya sami wani abu a inji da yake buƙatar gyara.

Ba sai an nuna mini ita ba, dogon wuyansa ne a jikinta. Siririya, zane baƙi da fari, tana juya kifi da hannu ba ta jin zafi. Na durƙusa har gwiwata ta nutse a toka.

"Ina kwana, Inna."

"Lahiya lau. Kun sha ruwa. A ba su wuri."

Aka kawo mana fura a kwanon sha. Gwaggo ta sha rabi. Ni kuwa ko taɓawa ban yi ba.

"Ƙara magana in ji," in ji Inna Asama'u.

"Inna, na zo ne in..."

"Ita ce," wata tsohuwa ta faɗa daga gefe. Aka yi 'yar dariya, gajera.

Na fara ba da haƙuri. Na shirya jawabin tun a mota, da gabatarwa da kammalawa, amma ya watse, sai "don Allah" da "ban sani ba" suke fita. Ta bar ni na gama.

"Ba ki ƙarya ba, ɗiyata. Ban iya haɗa baƙi ba. Ubana masunci ne, komar kamun kifi ya ba ni ba allo ba. Wannan bai yi mini zafi ba, kowa nan ya sani." Ta juya wani kifi. "Wurin da kinka ce ba a koya mini godiya a gidanmu ba, nan ne. Uwata ga ta can zaune. Deborah, ɗauko."

Deborah mace ce mai jiki, da tabarau a ɗaure da zare. Ta goge hannu a zane, ta zaro littafin rubutu irin na 'yan makaranta daga cikin wata leda, gefensa duk ya yi baƙi da hayaƙi. Ta miƙo mini.

"Kullum in mun gama karatu sai kowa ta faɗi nata, in rubuta," ta ce. "Mun ji ana cewa ba sharhi ba ci gaba. To ranar Laraba da waya ke zuwa gari, Yusha'u ya ce wurin rubutun a rufe yake. Kowace Laraba a rufe. Muka ce wataƙila wata rana a buɗe, bari mu tara."

Na buɗe. Kowane shafi da kwanan wata. "Asama'u ta ce jarumar nan ta cika kuka, ta tashi ta nemi sana'a." "Maman Elijah ta ce a gaya wa Anti mijin nan ba zai shiryu ba, ta san irinsa." "Kaka ta ce an gode, Allah shi ƙara basira." Mako talatin da wani abu. A wurare da dama kuma na ga sunana. Ranar da na raba faɗan wasu mata biyu: "Asama'u ta ce yarinyar nan tana da adalci." Ranar da na tara wa wata mai jego addu'a: "Asama'u ta ce a gaya wa Yusha'u ta yarda."

Ni na rufe ƙofa, ni na tsaya a bakinta ina zagin waɗanda ba su shigo ba. Digirin da na yi ma a kan mutane ne.

Hayaƙi ya taimake ni, kowa ya ga dalilin hawaye.

"Rabon kifin nan naki mun ji shi," in ji Deborah. "Mun yi dariya sosai. Sai dai Kaka ta ce wanda ya rubuta bai taɓa kama gaiwa ba."

"Inna, ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama," na ce.

"Ni ba alƙali ba ce." Ta zauna a kan kututture, karo na farko ta dube ni sosai. "Haƙurin da kinka ba ni, na karɓa. Amma nan mu ashirin ne. Can ku nawa ne?"

"Ɗari biyu da hamsin da shida."

"To gaban su kinka zage ni, gaban su za ki wanke ni. Da bakinki, ba rubutu ba, ni ban iya karatu. Ki faɗi ko lambar wa ce, da abin da nike gare ki. Laraba wayag ga za ta tai Warra. In ta dawo da muryarki a ciki, Asabar kaya na bisa ruwa. In ba ta dawo da ita ba, ba faɗa. Kowa ya riƙe ɗansa."

Nan a durƙushe na ɗauka, mata ashirin da ɗaya suna ji, kifi yana ƙara a kan wuta. Na faɗi sunana da na ubana. Na ce lambar da na kira gaiwa ta mahaifiyar wanda zan aura ce, in ta yafe. Na faɗi zancen Laraba, da littafin, da dokar da ni na kafa. Na ce ni ce marar tarbiyyar, ba ita ba. Hancina ya toshe, a tsakiya wani zakara ya yi cara. Na so in sake ɗauka. Inna Asama'u ta ce wannan ɗin ya yi.

Na danna turawa. 'Yar alamar agogo ta fito a gefen saƙon, tana jiran sabis.

Da za mu tafi ta sa aka ƙunsa mana kifi a takarda, ta ce a kai wa mahaifiyata. Deborah ta ba ni littafin, ta ce in kai wa Anti, amma in dawo da shi, akwai sauran shafuka.

Muka shiga jirgi, muka kama hanyar komawa. Wayar na kan cinyata, agogon nan yana kallona. Ba zan ɓoye muku ba, na san in na danna shi na riƙe, shara ɗaya ce ya tafi, ba wanda ya ji. Na tuna giwayen ruwa da za su rubuta sharhi mai layi arba'in a kaina. Na tuna waɗanda na taɓa sharewa, da yadda saƙon zai zaga kowane zaure daga nan har Zuru kafin magariba. Yatsana ya je kusa sau biyu. Yusha'u yana riƙe da inji, idonsa a kan ruwa, bai dube ni ba ko sau ɗaya. Da ya dube ni ma da ya fi sauƙi.

Ƙarfen sabis na Warra ya fito daga bayan itatuwa. Sanda ɗaya. Agogo ya koma maki. Ya tafi.

Ranar Lahadi ce, zaure a buɗe. Wayar ta fara rawa a hannuna kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Ban duba ba. Na yi ajiyar zuciya, na ce aƙalla an gama, sau ɗaya ake mutuwa.

Gwaggo Ladi ce ta leƙo, ita ma tata wayar a hannu.

"Yasira, kin mayar da ita cikin zauren kuwa?"

"Yanzu zan mayar."

"To ai wanda anka sa daga baya ba ya ganin abin da anka turo kafin ya shigo. Ke ce admin, ko ni?"

Na tsaya. Gaskiyarta. Saƙon ya isa ga kowa a duniya, ban da mutum ɗaya da aka yi shi dominta. Kuma zauren a cike yake, na riga na ba wata wurinta tun Laraba.

Yusha'u ya rage wutar inji, jirgi ya fara lilo a hankali kusa da gaɓa.

"Mi ya faru?"

Na gaya masa. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa, abin da ban gani ba tun jiya.

"Sai ki sake turawa."

"Babu wuri. Sai an fitar da mutum ɗaya."

Na dubi Gwaggo. Ta ƙanƙame wayarta a ƙirji.

"Kul. Ana tsakiyar daɗi?"

Na bi jerin sunayen daga sama har ƙasa, aikin da na fi kowa iyawa, na kasa samun wadda hannuna zai iya taɓawa. Kowace lamba marar hoto sai in ga tsamiya a bayanta. Saƙonni kuwa sai shigowa suke, sittin, saba'in da huɗu, har da na Anti Tamada da kanta: "Yasira, kira ni yanzu."

Na tura wa Anti lambar da ta ƙare da sittin da uku. Na rubuta mata: "Anti, ga wadda za ki saka. In ta shiga, ki sake tura muryar nan tawa, don Allah, kafin Laraba. Wuri kuma ga shi." Na ƙara mata hoton shafi uku na littafin Deborah.

Daga nan na koma zauren da na riƙe shekara biyu, na gangara can ƙasa inda jan rubutu yake, na danna fita. Waya ta tambaye ni ko na tabbata.

Jirgi ya daki gaɓa. Yusha'u ya sauka ya riƙe igiya, yana jira in taka. Wayar ta yi tsit a hannuna, irin shirun da ban taɓa ji ba. Anti ta karanta, makin ya yi shuɗi. A sama aka nuna tana rubutu, ta tsaya, ta sake farawa, ta sake tsayawa.

Yau Litinin. Har yanzu ba ta turo komai ba, Innata kuma ta hana a mayar da kwanonin tangaran cikin kabad.